Sabuwar Birged a Shiyyar Funtua: A Fara da Masu Igiya Kafin Kurata

Tun bayan harin asubahin ranar 19 ga Agusta, 2025, da aka kai masallacin Unguwar Mantau a ƙaramar hukumar Malumfashi, inda aka kashe gomman bayin Allah, kira ɗaya ke fitowa daga bakin jama'ar shiyyar Funtua: a kawo mana sojoji, a kafa mana bataliya, in da hali ma a ba mu birged sukutum. Kiran yana bisa hanya. Ƙananan hukumomi goma sha ɗaya ne a wannan shiyya, daga Matazu da Musawa zuwa Dandume da Sabuwa, kuma nan ne rumbun masara da dawa da waken suya da audugar Jihar Katsina. Hedikwatar Birged ta 17 tana birnin Katsina, kimanin kilomita 200 daga Funtua, ita kuma uwar gijiyarta, Runduna ta 8, tana can Sakkwato. Wanda aka tashe shi da harbi da tsakar dare a ƙasar Faskari ko Kankara yana da hujjar ya tambayi me ya sa taimako yake da nisa haka.

Ina tare da masu wannan kira. Abin da nake so mu ƙara a kansa shi ne mu san irin rundunar da muke roƙo. Sanar da kafa birged aikin rana ɗaya ne. Samar da birged da za ta iya tsare ƙauye cikin dare aiki ne na watanni masu yawa, kuma ba daga kurata yake farawa ba. Yana farawa ne daga tsofaffin hannu, masu igiya biyu da uku da ƙananan hafsoshin da suka riga suka ga yaƙi. Idan aka juya wannan tsari, aka tara samari aka sa musu kaki aka turo su bakin daji, to 'ya'yan talakawa za a ƙara wa jerin mamata, kuma bindigoginsu za su koma hannun waɗanda aka zo yaƙa.

Lissafin da ba a cika yi ba

Birged ta sojan ƙasa a al'ada bataliya uku ce, tare da masu taimaka musu. A ɗauka kowace bataliya tana da kamfani huɗu, kowane kamfani yana da filatun uku na mutum talatin da ɗoriya, kowane filatun kuma ya kasu sashe uku na kimanin mutum goma. Lissafin ya ba mu filatun 36 da sashe 108. Kowane sashe yana buƙatar kofur da zai ja shi. Kowane filatun yana buƙatar laftanar da saje. Kowane kamfani yana buƙatar manjo ko kyaftin da samanja. Ba a ma zo kan masu rediyo, da masu ba da magani, da makanikai, da direbobi, da masu kula da ma'ajiyar makamai, da masu tattara bayanan sirri ba.

Yanzu a dubi lokaci. Kurtu yana yin kimanin wata shida a Daffo ta Zariya, makarantar da ke horas da sabbin sojoji tun 1924. Hafsan da ya bi doguwar hanya a makarantar NDA ta Kaduna shekara biyar yake yi, na gajeren zango kuma ƙasa da shekara. Amma saje na ƙwarai, wanda zai ji ƙarar harbi ya san daga ina take da kuma irin bindigar, shekaru ne ke yin sa, sau da yawa goma ko fiye. Kuɗi na iya ninka yawan kurata cikin shekara guda. Babu kuɗin da zai ninka yawan irin wannan saje.

A ranar 26 ga Nuwamba, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tsaro, ya kuma ba da umarnin ƙara ɗaukar sojoji da 'yan sanda. An buɗe wata makarantar kurata a Osogbo don rage wa Zariya nauyi. Duk wannan yana da kyau. Sai dai tambayar da ta rage ita ce wa zai jagoranci waɗannan samari idan sun fito. Masu igiyar da ake da su suna Borno da Yobe da Zamfara da Neja da Filato, kowa da aikin da ya sha masa kai. Duk wanda aka ciro don sabuwar birged, an bar rami a inda yake. Akwai kuma wani haɗari da duk wanda ya san aikin hukuma zai gane: idan aka ce wa kwamanda ya ba da mutum ashirin, ba gwanayensa zai bayar ba, waɗanda yake neman hanyar rabuwa da su zai tura. Sabuwar runduna na iya wayar gari da kurata a ƙasa, ragowar wasu a sama.

Abin da yaƙin basasa ya koya mana

Nijeriya ta taɓa yin wannan gwaji, kuma ta biya da jini. Lokacin da yaƙin basasa ya fara a Yulin 1967, sojojin ƙasar kimanin 10,000 ne. Kafin a gama a Janairun 1970 sun kai kimanin 250,000. An yi wannan faɗaɗa ne bayan juyin mulki biyu na 1966 sun cinye manyan hafsoshi, irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema, wasu da dama kuma sun koma ɓangaren Biyafara. Aka dawo da tsofaffin sojojin yaƙin duniya na biyu, aka riƙa yaye hafsoshin gaggawa cikin 'yan watanni.

Runduna ta 1 ƙarƙashin Muhammadu Shuwa ita ce ta gaji mafi yawan horarrun sojoji. Tafiyarta a hankali take, tana kama wuri tana ƙarfafa shi kafin ta matsa, kuma ta kama Inugu a farkon Oktoban 1967. Runduna ta 2 kuwa a guje aka haɗa ta a watan Agustan 1967, bayan dakarun Biyafara sun ƙetare kogin Kwara sun mamaye yankin Tsakiyar Yamma har sun kai Ore. Aka tattaro duk wanda aka samu, har da akawu da masu dafa abinci na bariki da sabbin shiga, aka damƙa su ga Murtala Muhammad. Jarumtar Murtala ba abin musu ba ce, kuma rundunar ta ƙwato Benin cikin Satumba. Amma abin da ya biyo baya ya nuna iyakar jarumta idan babu horo da tsari. A Asaba, cikin Oktoban 1967, sojojin rundunar sun kashe ɗaruruwan fararen hula, tabon da har yau bai goge ba. Yunƙurin ƙetare kogi zuwa Onitsha a cikin wannan wata ya ci tura da asarar rayuka masu yawa. A ƙarshen Maris na 1968 kuma aka yi wa dogon ayarin motocinta kwanton ɓauna a Abagana aka ƙone shi.

Darasi biyu ne a nan, kuma dukkansu sun shafe mu. Rundunar da aka haɗa cikin gaggawa tana saurin faɗawa tarko. Kuma tana saurin huce haushinta a kan farar hula, domin babu isassun shugabanni na ƙasa da za su riƙe hannun sojan da tsoro ko fushi ya rufe wa ido.

Ba sai an koma nesa haka ba ma. An kafa Runduna ta 7 a Maiduguri a Agustan 2013, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram. Wata tara bayan haka, a Mayun 2014, sojoji suka buɗe wa motar kwamandansu, Manjo Janar Ahmed Muhammad, wuta a barikin Maimalari, bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa a Satumba, ta ƙara yanke wa wasu 54 a Disamba kan ƙin fita fagen daga, kafin a mayar da hukuncin zuwa ɗaurin shekara goma a 2015. Bore laifi ne babba a aikin soja. Amma koken sojojin a lokacin, na ƙarancin makamai da rashin yarda da shugabanni, alama ce ta rundunar da aka ɗora wa kaya kafin ƙafarta ta yi ƙwari.

A waje ma haka abin yake. Ƙasar Yukren ta kafa sababbin birged da dama bayan mamayar Rasha ta 2022. Wadda ta fi yin suna ita ce ta 155, wadda aka horas da wani ɓangarenta a Faransa a 2024, aka ba ta kayan yaƙi na zamani. Rahotanni sun ce sojojinta kimanin 1,700 suka gudu, aka kama tsohon kwamandanta, aka rarraba sassanta ga tsofaffin rundunoni a fagen Pokrovsk. A farkon 2025 hukumomin ƙasar suka karkata ga cike giɓin tsofaffin birged maimakon ƙirƙiro sababbi. Makami mai tsada da horon Turai ba su maye gurbin shugabannin da suka san juna kuma suka san yaƙi ba.

Akwai misali na kirki daga tarihinmu. Rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda aka kafa a 1943 aka kai yaƙin Boma, suna cike da 'ya'yan manoman Arewa. An gina su ne a kan tsofaffin bataliyoyin da suka daɗe da kafuwa, wasunsu ma sun riga sun yi yaƙi da Italiya a Habasha. An horas da su a gida, an ƙara musu horo a Indiya, sannan aka shigar da su daji. Turawan mulki don amfanin kansu suka yi, amma sun san ba a fafe gora ranar tafiya.

Irin yaƙin da ke jiran su a nan

Duk manomin ƙasar Bakori ko Kafur ya san ba a ɗaura sababbin bijimai biyu a garma ɗaya. Sabo ana haɗa shi da tsoho, ya koyi tafiyar kunya da juyawa a bakin gona. Haka sabon soja yake buƙatar tsohon hannu a gefensa, balle a irin wannan yaƙi da ba shi da fagen daga sananne.

'Yan bindigar da ke addabar wannan shiyya a kan babura suke tafe, mutum biyu ko uku a kan kowane. Suna fitowa daga dazukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari, kuma sun san kowane burtali da kowane mashigin rafi. Suna da masu ba su labari a cikin gari. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da dawa da masara suka fi tsayin mutum, gona kanta maɓoya ce har bakin ƙauye. A wannan lokaci ne kuma rafuka ke cika, laka ta riƙe motar soja, babur kuwa ya wuce. Da kaka ta yi sai a aiko wa ƙauye da kuɗin da zai biya kafin a bar shi ya yi girbi. Haka aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Kankara a Disamban 2020, aka sako 344 bayan kwana shida. Haka aka shiga garin Tsiga a Fabrairun 2025 aka ɗauki Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, ya kusa wata biyu a hannunsu.

A duba abin da ke faruwa idan waya ta shigo sansani da ƙarfe biyu na dare cewa an shiga wani ƙauye. Dole a samu wanda zai ji Hausar mai kiran, ya gane wace unguwa ce cikin unguwanni masu suna iri ɗaya. Dole saje ya san ko kiran gaskiya ne ko tarko, domin sau da yawa ana taɓa ƙauye ne don a jawo sojoji kan hanyar da aka yi musu kwanto. Dole a san hanya ta biyu da ba ta bi ta gadar da kowa ya sani ba. Dole babura su kasance da mai, batirin rediyo da caji, mai ba da magani da jakarsa a shirye. Dole a bar isassun mutane su tsare sansanin. Duk wannan cikin minti goma ake yanke shi, cikin duhu, kuma ba birgediya ne ke yanke shi ba. Laftanar ɗan shekara ashirin da 'yan kai ne da sajensa. Idan su biyun baƙin juna ne, kuma baƙin ƙasar ne, to ko dai su ƙi fita sai gari ya waye, ko su fita su faɗa rami.

Mun ga abin da ke faruwa idan aka kawo ƙarfi na ɗan lokaci. A Yulin 2020 rundunar soja ta yi bikin ranarta a Faskari, ta kafa babban sansani, ta ƙaddamar da farmakin Sahel Sanity. An samu sauƙi na wani lokaci. Wata biyar bayan haka aka yi satar Kankara. Abin da shiyyar ke buƙata shi ne rundunar da za ta zauna, ta san mutane, mutane su san ta.

Yadda ya kamata a gina ta

Na farko, a fara da ƙashin bayan. A naɗa kwamanda da hafsoshinsa da masu igiyarsa watanni kafin kurtu na farko ya iso, kuma hedikwatar soja ce za ta zaɓo su da suna bisa tarihin aikinsu, kada a bar wa kowace runduna ta turo wanda ta ga dama. Su zauna a yankin, su taka hanyoyin Sheme da Yankara da Dayi da ƙafarsu, su san hakimai da dagatai da ardo-ardo.

Na biyu, a girma a hankali. A fara cike giɓin bataliyoyin da ke ƙarƙashin Birged ta 17, sabbin sojoji su yi wata da watanni cikin tsofaffi. Daga nan a tsaga bataliya guda cikakkiya a zaunar da ita a shiyyar Funtua. In ta tsaya da ƙafarta, a haifi ta biyu daga jikinta. Bataliya ɗaya mai aiki ta fi birged da ke kan takarda amfani ga mutumin Sabuwa.

Na uku, a horas da su tare. Daffo tana koya wa mutum harbi da fareti da biyayya. Ba ta koya wa kamfani guda yadda zai yi tafiyar dare a gonar dawa ba tare da ya harbi kansa ba. Makarantar sojan ƙasa ta Jaji tana nan kusa, kuma ƙasarta ta yi kama da tamu. A kai kowane kamfani da shugabanninsa na dindindin, su yi atisayen dare, da faɗa a kan babur, da kuɓuta daga kwanton ɓauna, da kiran jirgin sama ba tare da an jefa wa masu biki ko 'yan sa-kai bam ba. Irin wannan kuskuren da ya faru a Tudun Biri a Disamban 2023 ya isa gargaɗi.

Na huɗu, a bi kalandar manomi. Kada a sauke sabuwar runduna a tsakiyar damina, lokacin da abokin gaba ya fi ƙarfi. A kawo ta da rani, daji a buɗe, hanyoyi a bushe, ta koyi ƙasar kafin shuka ta rufe ta. Ma'aunin nasararta kuma ya zama gonakin da aka koma nomawa da buhunan da suka isa kasuwar Dandume da ta Funtua, ba adadin gawarwakin da ake sanarwa ba.

Na biyar, a yi amfani da 'yan ƙasa cikin hikima. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha a Oktoban 2023 da matasa sama da 1,400 a zubin farko. Waɗannan sun san daji, kuma da yawansu sun ba da rayukansu. Su zama idanu da 'yan jagora, ƙarƙashin umarnin hafsan soja, da rajista da ƙa'ida. Amma kada a manta cewa wanda aka kashe wa uba ko aka sace wa mata yana ɗauke da ciwo, kuma kisan ramuwa da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba yana cikin abin da ya hura wannan wuta. Kowane filatun ya samu mai jin Hausa, kowane kamfani ya samu mai jin Fulatanci. Rugar da ta amince da soja za ta ba shi labarin da jirgi marar matuƙi ba zai gani ba.

Na shida, a kula da sojan kansa. Alawus ɗinsa ya zo kan lokaci. A san ranar da za a canje shi ya je ya ga iyalinsa. Idan ya ji rauni, ya san akwai motar da za ta kai shi babban asibitin Funtua ko asibitin koyarwa na Shika kafin jini ya ƙare. Idan ya rasu, matarsa ta samu haƙƙinsa ba tare da yawon ofis-ofis ba. Sojan da ya san an damu da shi ba ya gudu, ba ya sayar da harsashi, ba ya karɓar na goro a shingen hanya. Filin da za a gina bariki kuma gonakin mutane ne, a biya diyya ta gaskiya kafin a kafa tubali, don kada rundunar ta fara zamanta da ƙiyayyar maƙwabta.

Ga mai cewa ba mu da lokaci

Za a ce mutane yau ake kashewa, wa zai jira wata goma sha biyu? Wannan magana ce mai nauyi, kuma amsarta ita ce a raba buƙata biyu. Ta yau ana biyan ta ne da gogaggun dakarun da ake da su: a ƙaro su, a ƙarfafa ƙananan sansanoni, a ba su babura da rediyo da mai. Sabuwar birged kuwa maganin baɗi ce da shekarun da ke bayanta. Haɗa biyun shi ne ke jawo a turo ɗanyun yara a kira su taimako. Sulhun da wasu ƙananan hukumomi suka shiga da 'yan bindiga a 2025 ma, ko mutum yana goyon bayansa ko ba ya yi, ya tuna cewa an yi irinsa a 2016 da 2019 zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, bai ɗore ba. Duk sararin da ya samar, lokaci ne na shiri.

Saboda haka ina kira ga sanatan shiyyar Funtua, da 'yan majalisar wakilai da na jiha, da sarakunanmu da malamanmu da ƙungiyoyin manoma: idan kun je gaban hukuma, kada ku tsaya a kan a ba mu birged. Ku tambayi daga ina masu igiyarta za su fito, kuma wa zai zaɓo su. Ku tambayi wata nawa za su yi suna atisaye tare kafin a tura su. Ku tambayi nawa aka ware na mai da magani da alawus bayan kuɗin gini. Ku nemi a rubuta amsoshin a kasafin kuɗi, ku riƙa bibiya duk wata uku kuna faɗa wa jama'a inda aka kwana. Samarin da za su sa wannan kaki 'ya'yan wasu ne, manoman da za su tsare kuma iyayenmu ne. Haƙƙin duka biyun yana wuyan wanda ya roƙa da wanda ya bayar. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu.